Masu ciyar da teku ma a hannun wasu suke ci: fashin baƙi kan bitamin da ƙananan halittun ruwa

A 1914, wani masani mai suna E. J. Allen, na tashar binciken halittun teku da ke Plymouth a kudancin Ingila, ya buga sakamakon wani gwaji da ya ɗaure masa kai. Ruwan teku ya haɗa da hannunsa. Ya ɗauki tataccen ruwa, ya zuba masa gishiri iri-iri daidai yadda suke a teku, ya ƙara sinadaran da aka san tsirrai na so, sannan ya saka wata 'yar mitsitsiyar gansakukar teku mai suna Thalassiosira gravida. Ta ƙi yaɗuwa. Da ya ɗiga ruwan teku na gaske, abin da bai wuce kashi 1 cikin 100 ba, sai ga ta ta murmure ta cika kwalba. Allen ya gane akwai wani abu narke a ruwan teku da ma'aunan zamaninsa ba sa iya gani, ya kuma yi hasashen cewa ɗan'uwan abin nan ne da Casimir Funk ya raɗa wa suna bitamin shekara biyu kafin nan.

Hasashen ya tabbata, ko da yake sai da aka shafe shekara talatin da ɗoriya kafin a kama abin da hannu. Abin da ya fito fili tun daga nan, musamman a shekaru ashirin na baya-bayan nan, shi ne halittun da teku gaba ɗaya ke ci a hannunsu, su ma akwai waɗanda suke jira su ba su. Bitamin ba shi ke yanke yawan tsiron da teku zai yi a mafi yawan wurare ba. Wannan aikin naitirojin ne da fosfaras da sinadarin ƙarfe. Abin da bitamin ke da baki a kai shi ne wane ne zai yi rinjaye cikin masu neman wannan abinci.

In an ce halittun teku, kifi ke faɗo wa mutum a rai, da ƙaguwa, da manyan dabbobin ruwa. A ƙidaya kuwa su ne 'yan tsiraru. Mililita ɗaya na ruwan saman teku, wato kashi ɗaya cikin biyar na ƙaramin cokalin shan magani, yana ɗauke da bakteriya kusan miliyan ɗaya, da ƙwayoyin bairos da suka ninka su wajen sau goma, da dubban gansakuka masu ƙwayar jiki ɗaya tak. Kusan dukansu ba ruwansu da cutar da ɗan Adam. Gansakukar nan ba saiwa ba ganye, yawo take cikin ruwa, ido ba ya ganinta sai da madubin ƙara girma. Tana amfani da hasken rana ta mayar da iskar kabon abinci, irin aikin da ganyen tsiro ke yi a tudu. In aka tara nauyinta duka bai kai kashi 1 cikin 100 na tsirran duniya ba, amma kusan rabin wannan aiki na duniya ita ke yin sa. Ƙananan ƙwarin ruwa su ci ta, ƙananan kifaye su ci ƙwarin, manya su ci ƙanana. Titus da shawa da ake saukewa cikin kwali a kasuwanninmu, da sadin na gwangwani, duk a kan wannan tushe suka yi ƙiba.

Shi bitamin ba abin ƙoshi ba ne, ba kuma tubalin gina jiki ba ne. Mataimaki ne na inzayim, furotin ɗin da ke tafiyar da kowane aiki a cikin ƙwayar halitta. Wasu inzayim ba sa motsi sai an ɗora musu wani ɗan ƙaramin sinadari na musamman. B1 na taimaka wa waɗanda ke sarrafa sukari su fitar da ƙarfi. B7 na aiki wajen haɗa kitse. B12 na da hannu wajen ƙera metayonin, ɗaya daga cikin tubalai 20 da ake gina furotin da su, kuma da shi ake aza harsashin kowane furotin. Aikin ba ya cinye bitamin, ana ta maimaita amfani da shi ne, shi ya sa ɗan ƙanƙani ke isa. Ranar da ya ƙare ƙaf kuwa, aiki ya tsaya cik.

Tsirran tudu, su dawa da rogo da kuka, da kansu suke haɗa B1 da B7, B12 kuma ba su da buƙatarsa sam. Wannan ya sa aka daɗe ana ɗauka gansakuka ma haka take: a ba ta ruwa da haske da gishirin ma'adinai, shi ke nan. A 1948 aka ware B12 a karon farko. Shekara guda bayan haka, Seymour Hutner da abokan aikinsa a cibiyar Haskins ta New York suka nuna cewa wata halittar ruwan daɗi mai suna Euglena gracilis ba ta girma sai da shi. Buƙatar tata ta yi tsanani har asibitoci suka mayar da ita ma'auni: a ɗiga mata ruwan jinin maras lafiya, a duba yadda ta yaɗu, a san yawan B12 da ke jikinsa. Luigi Provasoli, shi ma na Haskins, da Michael Droop a Millport ta Sukotilan, suka shafe shekarun 1950 da 1960 suna bin gansakukar teku ɗaya bayan ɗaya. Sunaye uku suka riƙa maimaituwa, B12 da B1 da B7. Har gobe, ruwan renon gansakuka da aka fi amfani da shi a ɗakunan bincike, f/2 na Robert Guillard, waɗannan ukun ake zuba masa. Daga wannan aiki na B12 ne ma Droop ya fitar da lissafinsa na 1968, mai cewa saurin girman ƙwaya ya danganta ne da abin da ta tara a cikinta, ba abin da ke yawo a ruwan da ke kewaye da ita ba. Da wannan lissafi ake aiki yau ga naitirojin da fosfaras a manhajojin kwamfuta masu kwaikwayon teku.

Daga nan sai maganar ta lafa. Auna bitamin a ruwan gishiri jan aiki ne, Droop da kansa ya ƙiyasta cewa B12 da ke teku ya wadatar, hankalin masana kuma ya koma kan naitirojin, daga baya kan ƙarfe, bayan John Martin ya nuna a ƙarshen shekarun 1980 cewa rashin ƙarfe ke hana tsiro a manyan yankuna na teku. Sai a 2005 aka sake tono ta. Martin Croft da Alison Smith da abokan aikinsu a Jami'ar Cambridge suka tattara bayanan nau'o'in gansakuka 326, suka tarar 171 ba sa rayuwa sai an ba su B12. Fiye da rabi ke nan. Masu jiran B1 sun kai kusan ɗaya cikin biyar, masu jiran B7 kusan ɗaya cikin ashirin. Buƙatar kuma ba ta bin dangi. A jinsi guda sai a sami wannan nau'i yana buƙata, ɗan'uwansa na kusa ba ya buƙata, alamar cewa ba daga kaka ɗaya suka gaji dogaron ba. Sau da yawa, a zuriyoyi daban-daban, aka faɗa cikinsa.

Su wa ke ƙera shi

Babu dabba, babu tsiro, babu naman gwari, babu gansakuka ta ainihi da ke iya haɗa B12. Bakteriya ne kaɗai da wasu 'yan'uwansu na nesa da ake kira arkiya, su ma ba duka ba. Dalilin a bayyane yake ga wanda ya ga fasalinsa: a duk bitamin babu mai sarƙaƙiyarsa. Wani zobe ne babba da ƙwayar ƙarfen kobal ɗaya a tsakiya, da wata jela a ƙasa mai naɗowa ta riƙe kobal ɗin. Dorothy Hodgkin ta Oxford ce ta gano fasalin a tsakiyar shekarun 1950, yana cikin ayyukan da suka kai ta ga kyautar Nobel a 1964. Da aka zo haɗa shi a ɗakin bincike, sai da Robert Woodward na Harvard da Albert Eschenmoser na Zurich suka haɗa ƙarfi da masana wajen ɗari, suka shafe fiye da shekara goma, kafin su kammala a 1972. Bakteriya na yin wannan aiki kullum da inzayim wajen 30. B12 ɗin da muke samu a nono da hanta, bakteriyar tumbin saniya da tunkiya suka ƙera shi. Wanda ke jikin kifin teku, daga bakteriyar ruwa ya hauro ta bakin masu cin juna.

Wani bincike na 2019 daga ɗakin Michiko Taga a Berkeley ya duba kundin gado, wato jimillar bayanan DNA, na nau'o'in bakteriya sama da 11,000 na ruwa da tudu. Kashi 86 cikin 100 suna da inzayim mai aiki da B12 ko danginsa, amma kashi 37 kaɗai ke da cikakkun kayan ƙera shi. Ashe ko a tsakanin bakteriyar, masu jira sun fi masu yi yawa. A teku, manyan masu yin sun haɗa da dangin Roseobacter, waɗanda ke son raɓar gansakuka, da wasu arkiya masu rayuwa kan amoniya, waɗanda suka fi yawa a ƙasa da inda haske ke kaiwa. Na farko da aka iya renonsa cikin waɗannan arkiya, Nitrosopumilus maritimus, ba ma daga tsakiyar teku aka samo shi ba. Daga tankin gidan kallon kifaye na Seattle aka ciro shi a 2005.

Tambayar da ta fi jan hankalina ita ce ta ɓangaren masu jira. Me zai sa halitta ta ɗaura rayuwarta kan abin da ba ta iya yi?

Amsar, a wajen gansakuka, tana cikin inzayim guda biyu masu aiki ɗaya. Dukansu metayonin suke ƙerawa. Ɗaya, METH, sai da B12, amma yana da sauri ƙwarai. Ɗayan, METE, ba ruwansa da B12, amma sanyin jiki gare shi, sai ƙwaya ta ƙera shi da yawa kafin ya yi aikin da ɗan kaɗan na farkon zai yi, kuma ƙera furotin da yawa cin naitirojin ne. Mai duka biyun, irin Phaeodactylum tricornutum, ɗaya daga dayatom, dangin gansakuka masu ɓawon gilashi, in ta sami B12 sai ta kashe METE ta huta. In B12 ya daɗe yana samuwa, zuriya bayan zuriya ba a taɓa METE, ranar da ya lalace ba wanda zai ji a jikinsa. Katherine Helliwell da abokan aikinta a Cambridge sun ga haka da idonsu, suka buga a 2015. Sun yi ta renon Chlamydomonas reinhardtii, wata gansakukar ruwan daɗi da ba ta buƙatar B12, cikin ruwa mai wadatar B12. Kafin zuriya 500, a cikin wata kwalba, wani guntun DNA mai tsalle-tsalle ya faɗa tsakiyar ƙwayar gadon METE ya lalata ta. Wadda abin ya same ta ba ta mutu ba. 'Ya'yanta ma mamaye kwalbar suka yi.

Garin da ke da maƙeri, manomi ba ya ajiye zuga-zugi da uwar maƙera a gidansa. Yana sayen fartanya ya tafi gona, ya kuwa fi maƙwabcinsa da ya nace sai ya ƙera tasa samun amfani. Amma ba zai yiwu kowa ya bar ƙira ba, don ranar da maƙera suka yi ƙaranci, wanda ya riƙe sana'ar shi ke da riba. Wannan shi ne kusan abin da Jeffrey Morris da Richard Lenski da Erik Zinser suka tsara a 2012: duk aikin da ke da tsada, amfaninsa kuma yana yoyo ya isa ga na kusa, mafi yawan halittu za su watsar da shi su bar wa kaɗan. A teku, inda abinci ya yi ƙaranci, kowace ƙwayar gado da aka rage sauƙi ne.

Sai dai abin da ake jiran nan, kaɗan ne ƙwarai. Da ma'aunin pikomola ake auna shi, kuma a wurare da yawa B12 bai wuce ɗaya ko biyu ba. Pikomola ɗaya na B12 kusan nanogiram 1.4 ne a lita, nanogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram. Baligi na buƙatar maikurogiram 2.4 (nanogiram 2,400) a rana bisa ƙa'idar hukumomin lafiyar Amurka, wato sai an tace ruwan teku mai pikomola ɗaya kusan lita 1,800, durom tara, kafin a tara abin da mutum ɗaya zai buƙata a wuni. A 2012, Sergio Sañudo-Wilhelmy na Jami'ar Kudancin Kalifoniya da tawagarsa suka auna bitamin B iri-iri kai tsaye da na'ura, daga gaɓar Kalifoniya zuwa ta Baja a Meziko. Suka tarar da yankuna masu ɗaruruwan kilomita inda wasu bitamin suka yi ƙasa har na'urar ba ta ganinsu. Kowane bitamin kuma da zurfin da ya fi taruwa. Hasken rana na lalata B12, ruwan teku na farfasa B1, masu jira kuma ba sa bari ya daɗe. Don haka ƙarancinsa a ruwa ba lallai ya nuna ba a yin sa da yawa ba, yana iya nuna saurin wawashe shi.

B12 ɗin ma kala biyu ne

Nan lissafi ya ƙara rikicewa. Halittun da suka fi kowa yawa cikin masu amfani da hasken rana a teku su ne wasu bakteriya guda biyu na dangin da ake kira sayanobakteriya, Prochlorococcus, wadda Sallie Chisholm ta MIT da abokan aikinta suka bayyana a 1988, da Synechococcus. Kundin gadonsu ya nuna suna ƙera B12, aka ɗauka su ne babban rumbu. A 2016 Helliwell ta nuna cewa nasu daban ne. Zoben iri ɗaya ne, kobal na nan, amma a jelar, inda na ainihi ke da wani sinadari da ake kira DMB, su wani sinadari daban, adenin, suke sakawa. Wannan ɗan bambanci ya isa ya sa mafi yawan gansakuka kasa cin moriyarsa. A 2017, Katherine Heal da Anitra Ingalls na Jami'ar Washington suka auna duka biyun a arewacin tekun Fasifik: na sayanobakteriya ya fi yawa a sama, na ainihi kuma arkiyar nan ta ƙasa na cikin manyan masu yin sa. Ga B12 birjik a inda gansakuka take, amma ba irin nata ba. Wasu 'yan kaɗan, irin Pavlova lutheri, sun iya gyara: in suka sami DMB a ruwa sai su cire jelar da ba ta yi musu ba su ɗaura tasu.

Wannan batu ya shafe mu ta wata hanya. Dihé, wainar nan kore da matan Kanembu ke tacewa daga tafkunan kanwa na gabashin Tafkin Chadi su shanya a rairayi, sayanobakteriya ce, ita ce kuma sifirulinar da ake sayarwa a ƙwayoyi da gari a shagunan magani. Furotin dai tana da shi sosai. Amma mafi yawan B12 ɗinta irin na sayanobakteriya ne, wanda jikin mutum ba ya amfana da shi. Wanda ba ya cin nama da nono, in ya dogara da ita don B12, ya yi kuskuren da masana teku suka yi.

Labarin B1 ya ɗan bambanta, don shi rabi biyu ake haɗawa, kuma halittu da yawa rabi ɗaya kaɗai suka rasa. Bakteriyar da ake kira SAR11, wadda Stephen Giovannoni na Jami'ar Jihar Oregon ya gano alamarta a Tekun Sargasso a 1990, aka iya renonta a 2002, ita ce ta fi kowace yawa a teku, kusan ɗaya cikin kowane uku ko huɗu na ƙwayoyin ruwan sama. Ta rage kayanta har kundin gadonta ya koma harafi miliyan 1.3, alhali E. coli ta hanjinmu na da miliyan 4.6. A 2014 aka gano cewa ba ta iya yin rabin B1 da ake kira HMP. Abin mamakin, in aka ba ta cikakken B1 ba ya yi mata amfani, don ta zubar har da ƙofar shigar da shi. Guntun take so, ta ƙarasa da kanta. Emiliania huxleyi, gansakuka mai ɓawon alli wadda in ta yi yawa ake hango ruwan ya yi fari-fari daga tauraron ɗan Adam, ita ma wannan rabin take tsinta. Ostreococcus da Micromonas kuma suna da hanyar tsintar guntun ɗaya rabin. Ke nan B1 da ya farfashe a ruwa ba asara ba ne, abincin wasu ne. Wanda ya auna cikakken bitamin kaɗai ya ce babu, ya bar rabin cinikin bai ƙidaya ba.

Zumunci ne?

Rubuce-rubuce da yawa kan wannan batu suna son kiran abin zumunci ko taimakon juna. Akwai gaskiya a ciki. In aka haɗa Ostreococcus tauri da bakteriyar Dinoroseobacter shibae a kwalba ɗaya ba tare da an zuba bitamin ba, dukansu suna rayuwa: bakteriyar na biya wa gansakukar buƙatar B12 da B1, gansakukar na ba ta abinci da wasu bitamin da ita ta rasa, ciki har da B3 da B7. Ɗakin binciken Mary Ann Moran a jihar Jojiya ta Amurka ya nuna irin haka tsakanin Ruegeria pomeroyi da dayatom ɗin Thalassiosira pseudonana, inda dayatom ke biya da wani sinadari mai farar wuta. Kowace ƙwayar gansakuka na da wani ɗan siririn da'ira a kewayenta inda abin da take zubarwa ke taruwa, a nan bakteriya masu iyo ke dafifi.

Amma ni ban gamsu da wannan suna ba, don sauran shaidun ba su da daɗin ji haka. Dinoroseobacter ɗin nan, in aka haɗa ta da wata gansakuka mai suna Prorocentrum minimum, da farko tana ba ta bitamin, in gansakukar ta tsufa sai ta juya ta kashe ta. Masana a Jami'ar Oldenburg ta Jamus sun gwada bakteriya iri-iri masu iya ƙera B12, suka tarar wasu na saki, wasu kuwa suna yi su riƙe abinsu, ko ɗigo ba ya fita. A 2024 suka buga wani sakamako a mujallar Nature wanda a ganina ya fi kowane nuna yadda abin yake. Bakteriya biyu ne daga Tekun Arewa na Turai. Colwellia na yin jelar ta sake ta cikin ruwa. Roseovarius na yin zoben, ta ɗauki jelar ta haɗa cikakken B12, amma ba ta bayarwa. Sai dai a cikin kundin gadonta akwai wani bairos da ke kwance, kuma zaman Colwellia kusa da ita na tayar da shi. In ya tashi sai ya fasa wasu daga cikin ƙwayoyin Roseovarius, B12 ya zube, Colwellia ta samu, na gefe ma su samu. Da yawa daga bitamin da ke yawo a teku ta irin wannan hanya yake fitowa: ta yoyo, ta fashewar waɗanda bairos ya kama, ta ragowar abin da masu cin bakteriya suka zubar.

Gwajin da ya fitar da maganar daga ɗakin bincike zuwa teku an yi shi ne a Tekun Ross na Antatika, inda naitirojin ya wadata amma ƙarfe ya yi ƙaranci. Erin Bertrand da Mak Saito na cibiyar Woods Hole suka ɗebi ruwa a kwalabe, wasu aka zuba ƙarfe, wasu B12, wasu duka biyun, aka buga sakamakon a 2007. B12 shi kaɗai bai yi komai ba. Ƙarfe ya tayar da tsiro. Ƙarfe da B12 tare suka fi ƙarfe kaɗai a gwaji biyu cikin uku, kuma wani dayatom, Pseudo-nitzschia subcurvata, shi ya fi cin moriya. A gwajin da B12 bai ƙara komai ba, ruwan wurin ya fi sauran yawan bakteriya. Shekara goma bayan haka, Thomas Browning da tawagarsa daga cibiyar GEOMAR ta Jamus suka yi makamancinsa a kudancin Atlantika, daura da gaɓar kudu maso yammacin Afirka. Can sai da aka haɗa naitirojin da ƙarfe kafin tsiro ya tashi, a wasu wuraren kuma ƙarin kobal ko B12 ya sake ɗaga shi. Buƙatun jere suke, in an toshe wannan sai na bayansa ya leƙo.

Kwalba dai ba teku ba ce. Ba igiyar ruwa a cikinta, ba kifi, kwana kaɗan ake yi a rufe littafi. Duk da haka abin da ke maimaituwa a gwaje-gwajen nan, daga Antatika zuwa Alaska zuwa gaɓar New York, shi ne in an ƙara bitamin sai jerin masu rinjaye ya sauya, sau da yawa manyan gansakuka su hau. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Babban dayatom mai ɓawon gilashi yana da nauyi, in ya mutu yakan nutse da kabon ɗin da ya kama zuwa ƙasan teku, kuma shi ƙwarin da kifi ke ci suka fi iya kamawa. Ƙananan kuwa mafi yawansu a sama ake cinye su, kabon ya koma inda ya fito.

Masu guba ma suna cikin masu jira, har sun fi sauran. A 2010, ɗakin binciken Christopher Gobler na Jami'ar Stony Brook ya gwada nau'o'i 27 na gansakukar da ke ɓarkewa ta rine ruwa ta kashe kifi ko ta sa wa abincin teku dafi. Guda 26 na buƙatar B12, 20 na buƙatar B1, 10 na buƙatar B7. Cikin irin waɗannan akwai Karenia brevis mai jan ruwan Florida, da Aureococcus anophagefferens da ta mayar da ruwan Long Island ruwan ƙasa a 1985 ta durƙusar da kamun wata katantanwar teku mai ɓawo biyu da masuntan wurin ke rayuwa a kai. Kada a ɗauka bitamin ke haddasa ɓarkewar. Babban mai laifi takin zamani ne da ƙazantar gari da ke kwarara teku. Amma ƙazantar na ciyar da bakteriya, da yawan masu gubar kuma suna haɗiye bakteriya ɗungurungum baya ga amfani da hasken rana, bitamin na zuwa musu a cikin loma.

Can saman jerin masu cin juna, ƙarancin B1 kan fito a jikin kifi. A 1974, a gidajen ƙyanƙyasar kifin salmon na Suwidin, aka fara ganin 'ya'yan kifi na mutuwa kwanaki bayan ƙyanƙyashewa, cutar da aka sa wa suna M74. A farkon shekarun 1990 ta yi ƙamari a kogunan da ke zuba Tekun Baltik, kafin a gane cewa B1 ne ya yi ƙaranci a ƙwan, kuma abin na tafiya da shekarun da iyayen suka cika cikinsu da wani ƙaramin kifi mai kitse. A farkon 2020 abin ya ɓulla a Kalifoniya. A gidan ƙyanƙyasa na Coleman, 'ya'yan salmon suka riƙa juyi kamar masu hajijiya suna mutuwa. Aka nemi ƙwayar cuta aka rasa. Da aka tsoma su cikin ruwa mai B1 sai suka miƙe suka ci gaba da iyo. Binciken cikin iyayen ya nuna kusan abu ɗaya suka yi ta ci a teku, wani ƙaramin kifi da ake kira ancobi, wanda ya yi yawa a shekarun, kuma jikinsa na ɗauke da inzayim mai farfasa B1. Yanzu ma'aikatan gidajen ƙyanƙyasa na yi wa uwayen allurar B1 ko su jiƙa ƙwan a ruwansa. Waɗanda ke nasa ƙwansu a tsakuwar kogi ba mai yi musu wannan, shi ya sa masana daga Jami'ar Jihar Oregon suka shiga kogunan yankin Sacramento suna auna B1 da guntayensa da ƙananan halittun cikin tsakuwar ke fitarwa, don a san ko ƙwan na iya tsotsar wani abu daga nan.